Gari uku a kwana tara: yadda na tsara tafiyarmu ta farko zuwa Maroko

Daren da na fara zaman tsara tafiyar nan, bayan littafin lissafin shago na juya na jera garuruwa shida: Kasablanka, Rabat, Tanja, Shafshawan, Fas da Marrakesh. Kwana tara ne a hannunmu. Mu uku ne, ni da maiɗakina da Hajiya mahaifiyata, wadda ta fi shekara 20 tana cewa in da rai da rabo sai ta ziyarci Shehu Ahmadu Tijjani a Fas. Da safe na je gaishe ta, na karanta mata tsarin gari bayan gari. Ta saurara har na kai aya, sannan ta ce, "To kai ɗan nan, a wane garin za mu yi Juma'a?"

Na duba takarda. Ranar Juma'a muna cikin motar safa tsakanin Shafshawan da Fas, tafiyar wajen awa 4, ga jiran tasha ga neman masauki. Ba mu da sallar Juma'a a Fas, kuma zikirin la'asar da ta ɗebe shekaru tana buri za mu iske shi ne a gajiye, in ma mun iske shi. A nan na yage shafin. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga tambayar nan tata ya fito, kuma zai yi wa mai zuwa Masar ko Turkiyya amfani kamar yadda zai yi wa mai zuwa Maroko.

Fara da garin da ya fito da kai daga gida

Kowace tafiya tana da abu guda da in ba a yi shi ba, kuɗin jirgi ya tashi a banza. Nemo wannan abin, ka kafa masa rana, sauran garuruwa su bi bayansa. Namu shi ne Juma'a a Fas. Saboda haka na fara rubuta "Fas" a ranar Juma'a, na ba ta kwana biyu a gabanta domin Hajiya ta huta ta san hanya, na ƙara mata ɗaya a bayanta.

Sai abu na biyu, wanda shi ne ya fi ruɗin mai tafiyar farko: kwana ake ƙirgawa, ba gari ba, kuma kwana huɗu a gari wuni uku ne kawai. Ranar da ka sauka ta hanya ce, ranar da za ka tashi ma ta hanya ce. In ka ba wa gari kwana ɗaya, to gadonsa ka gani da tasharsa. Ranar da muka tashi daga Kasablanka zuwa Fas, jirgin ƙasan wajen awa 4 ya yi. Amma mun fara ɗaure kaya ƙarfe 8 na safe, muka sallami otal, muka nemi tasi, muka jira a tasha, muka sauka, muka sake neman tasi, muka bi mai kura da jakunkuna cikin lungu. Lokacin da Hajiya ta miƙe ƙafa a kan gado an kusa kiran la'asar. Don haka duk awannin da ka gani a tikiti, ƙara musu 3 kafin ka yi wa ranar wani lissafi.

Ga yadda ya tsaya a ƙarshe. Talata da safe muka sauka Kasablanka muka kwana ɗaya. Laraba muka wuce Fas muka kwana huɗu. Lahadi muka ɗauki hanyar Marrakesh muka kwana uku. Laraba muka dawo Kasablanka muka kwana ɗaya, daren Alhamis muka nufi filin jirgi. Tanja da Shafshawan da Rabat suka fita. Ban ji daɗin cire Tanja ba, domin ina son hawa jirgin nan mai gudu, Al Boraq, da aka buɗe a 2018, wanda ke haɗa ta da Kasablanka cikin awa 2 da 'yan mintuna. Amma taura biyu ba ta taunuwa.

Ka buɗe taswira kafin ka jera garuruwan, kada ka jera su yadda sunayensu suka zo maka. Fas tana arewa maso gabas, Marrakesh tana kudu, Kasablanka na tsakiya a bakin teku. Jirgin da ke tashi daga Fas zuwa Marrakesh sai ya bi ta Miknas da Rabat da Kasablankar kanta, tafiyar awa 6 da rabi zuwa 7. Wannan ranar ta yi wa Hajiya nauyi, ƙafafunta sun kumbura. Wanda ke da kwana goma kuma yana tare da dattijo, ya raba tafiyar biyu ya kwana a Rabat, ya ga Hasumiyar Hassan da kushewar Sarki Muhammadu na Biyar da yamma, da safe ya ci gaba. Da na san haka tun farko da na nemi ƙarin kwana ɗaya.

'Yan kamfanonin yawon buɗe ido za su yi ta tallata maka zuwa sahara, garin Marzuga, hawan raƙumi da kwana a tanti. Daga Fas tafiyar awa 7 zuwa 8 ce a mota. Ga Bature wannan abin mamaki ne. Ga wanda ya san hanyar Agadas, ko ya taso yana ganin ayarin raƙuma, ban ga dalilin ba da kwana biyu cikin tara a kai ba.

A tafiyar farko ka tsaya a ƙasa ɗaya mai garuruwa da yawa. Kowace iyaka da ka ƙara, ka ƙara biza da canjin kuɗi da layin waya. Wanda ya nace sai Turai, ya sani cewa bizar Shengen, wadda ƙasashen Turai da yawa suka yi tarayya a kanta, ana neman ta ne a ofishin jakadancin ƙasar da zai fi daɗewa a cikinta, ba wadda ta fi masa sauƙin layi ba.

Takardu da tikiti

Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza kafin ya shiga Maroko, ofishin jakadancinsu kuwa yana Abuja. 'Yan'uwanmu na Nijar tsarinsu daban ne, kowa ya bi ƙa'idar fasfonsa. Tun 2022 Maroko ta buɗe biza ta intanet ga wasu matafiya, ciki har da masu riƙe da bizar Amurka ko Ingila ko Shengen mai rai. Mu ba mu da ko ɗaya, hanyar ofishi muka bi: fom, hotuna, bayanan asusun banki na watannin baya, shaidar sana'a, shaidar masauki a kowane gari, ajiyar kujerar jirgi ta zuwa da dawowa, da inshorar tafiya. Fara wannan aƙalla wata biyu kafin ranar tashi, kuma ka tabbata fasfon kowa yana da sauran wata 6 ko fiye. Na Hajiya saura wata huɗu ya mutu lokacin da na duba, sabunta shi kaɗai ya ci mana makonni.

Mai zuwa gari ɗaya takardar otal ɗaya zai nuna. Kai mai gari uku dole kwanakinka su haɗu ba giɓi: daren da ka bar wannan otal shi ne daren da ka shiga wancan, daga ranar sauka har ranar tashi. Ka kama ɗakunan da ake iya sokewa ba tare da an cire kuɗi ba, sai biza ta fito ka tabbatar da su. Tikitin jirgi ma haka, kada ka zuba kuɗin da ba ya dawowa a kan bizar da ba ta shigo hannu ba. Kada kuma ka yarda wani ya haɗa maka takardar otal ta bogi. A filin jirgin Kasablanka jami'in shige da fice ya tambaye ni inda za mu kwana a daren, na nuna masa a takarda, ya buga hatimi.

Kusa da hatimin nan za ka ga wata lamba da aka sa a fasfonka. Riƙe ta, domin kowane masauki zai ba ka fom ka cike kuma ana tambayarta. Na rubuta lambobinmu uku a ƙaramar takarda na sa a aljihun gaba, ban sake buɗe jakar fasfo a gaban mutane ba. Katin allurar shawara ya kasance tare da fasfo. Ma'aurata su ɗauki kwafin takardar aure, a masauki ɗaya an tambaye mu. Kowace takarda ka yi mata kwafi biyu, ka ɗauki hotonta a waya, ka tura wa wani ɗan'uwa a gida.

Jirgin Royal Air Maroc yana tashi daga Abuja da Legas kai tsaye zuwa Kasablanka, tafiyar ba ta kai awa 5 ba. Mu mutanen Kano sai mu ƙara lissafin zuwa Abuja. Ka je ka kwana can, kada ka dogara da jirgin cikin gida na rana ɗaya da babban jirginka, domin in na farko ya yi jinkiri na biyu ba zai jira ka ba, kuma ba wanda zai biya ka tunda tikitin daban-daban ne.

Sai batun agogo, wanda ya sa mutane da yawa asara. Tikiti da lissafin awa 24 ake rubuta shi. Jirginmu na dawowa an rubuta Juma'a, da 'yan mintuna bayan 00:00. Wannan daren Alhamis ne. Wanda ya bari sai daren Juma'a ya je filin jirgi, jirginsa ya yi kwana ɗaya da tashi. A shekarar da muka je, agogon Maroko daidai yake da namu na Najeriya da Nijar a yawancin shekara, amma a watan azumi sukan mayar da shi baya da awa 1.

Kuɗi

Kuɗinsu dirhami ne, kuma ba za ka same shi a kasuwar canji ta Wapa a Kano ba, domin ba kuɗin da ake fita da shi waje da yawa ba ne. Dala ko yuro za ka riƙe ka canza a can. Lokacin da muka je dala ɗaya tana kusa da dirhami 10, wannan ya ishe mu lissafin ka a kasuwa. Ka zaɓi takardu sababbi marasa yagewa ko rubutu. A filin jirgi ka canza abin tasi da abincin rana ɗaya kawai, sauran ka bari sai cikin gari, kuma ka adana rasidin canji saboda mayar da ragowar dirhami ranar fita. Mai asusun banki ya tambayi bankinsa kuɗin guzurin matafiya da ake kira PTA, ya kuma tambaya ko katinsa na naira yana aiki a waje da iyakar abin da zai iya kashewa. Ko sun ce yana yi, kada ya zama shi ne madogararka.

Yadda na raba namu: ambulan huɗu, ɗaya ga kowane zango, na rubuta sunan gari a bayanta. Ta biyar ita ce ta ko-ta-kwana, kashi ɗaya cikin biyar na duk guzurin, tana wurin maiɗakina kuma ba a taɓa ta sai larura. Amfanin wannan shi ne gari na farko ba ya cinye rabon na ƙarshe. Mutum in ya sauka sabuwar ƙasa hannunsa a sake yake, komai ya gani sai ya ce ai sau ɗaya ne. Ka kuma ware 'yan canji, domin masaukai suna karɓar harajin kwana a kan kowane mutum kowane dare, sau da yawa a hannu, ban da kuɗin ɗaki da ka biya ta intanet.

Wani abu da ya kusa ruɗa ni a Fas: wata dattijuwa mai sayar da burodi ta faɗi farashi, na ji adadi mai yawa har na ja da baya. Ashe da riyal take lissafi. Talakawan can har yanzu suna ƙirge da shi, riyal 20 shi ne dirhami 1. In ka ji farashin ya wuce hankali, ka ce a faɗa maka da dirhami, ko ka miƙa waya a rubuta maka.

Masauki, inda na yi kuskure

Tsohon birnin Fas yana cikin ganuwa kamar Kano ta dā, sai dai lungunansa mota ba ta shiga ko kaɗan. Jaki da alfadari da kura su ne motocin ciki. In ka ji an ce "balak" a bayanka, ka manne da bango, kaya ne ke tafe. Masaukan ciki tsofaffin gidaje ne da suke kira riyad: ƙofa ƙarama a lungu, kana shiga sai tsakar gida mai tayil da famfon ruwa, ɗakuna a kewaye hawa-hawa. Suna da kyau ƙwarai, kuma a nan ya kamata mai ziyara ya sauka domin ya riƙa zuwa zawiya da ƙafa.

Kuskurena shi ne hotuna na duba, ban yi tambaya ba. Da muka isa sai ga ɗakunanmu a hawa na biyu, matakala ƙunci ga tsayi, kowace taka ta kusa kai gwiwa. Hajiya ta tsaya a ƙasa ta ɗaga kai ta duba, ba ta ce komai ba, ta nemi kujera ta zauna. Raina ya ɓaci da kaina. Allah Ya sa washegari wani baƙo ya tashi daga ɗakin ƙasa aka mayar da ita, amma daren farko sai da ni da maiɗakina muka riƙe ta taka bayan taka. Saboda haka kafin ka biya, ka aika wa masu gidan saƙo da tambaya huɗu: ɗakin a wane hawa yake, wace ƙofar gari tasi zai sauke mu, minti nawa ne daga nan zuwa gidan da ƙafa, kuma za ku turo wanda zai tarye mu da kura? Tambayar ƙofa ba ƙarama ba ce. Direbobi sun saba kai baƙi Bab Bujulud, ƙofar nan mai shuɗin tayil da aka gina a 1913, amma zawiyar Shehu tana can ƙasan gari kusa da masallacin Ƙarawiyyin, kuma dandalin Rasif ya fi kusa da ita nesa ba kusa ba. Garin a kan gangare yake. Saukowa daga Bujulud da daɗi, komawa kuwa hawa ne.

A Kasablanka ban nemi kyau ba, kusa da tasha na nema. Jirgin ƙasa yana tashi daga ƙarƙashin filin jirgin Muhammadu na Biyar ya kai ka tashar Casa Voyageurs cikin ƙasa da awa 1, kuma daga wannan tashar ake hawa na Fas da na Marrakesh. Akwai wata tashar mai suna Casa Port, kada ka haɗa su. Daren ƙarshe kuwa ka yi shi a garin da jirginka zai tashi, ko da garin bai burge ka ba.

Lokacin shekara ma yana shiga batun masauki. Mu a Oktoba muka je, rana da daɗi, dare da sanyi-sanyi. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyin Fas ya fi na hunturunmu, ga ruwan sama, kuma tsofaffin gidajen nan suna riƙe sanyi. A Yuli da Agusta zafin Marrakesh yana haura digiri 40. Maris zuwa Mayu, ko Satumba zuwa Nuwamba, su ne daidai. Lokacin Maulidi Fas tana cika da maziyarta daga Senegal da Najeriya da sauran ƙasashe, sai an kama ɗaki da wuri. Makon Babbar Sallah kuwa shaguna da gidajen abinci da yawa a rufe suke, jiragen ƙasa kuma a cike.

Tsakanin gari da gari

Tikitin jirgin ƙasa na hukumarsu ta ONCF ana sayensa ta intanet ko a tasha. Dabarar da na bi ita ce duk garin da muka sauka, kafin mu fita daga tasha sai na sayi tikitin tashi. Doguwar tafiya ka biya taragon daraja ta ɗaya, ɗaki mai kujera 6, bambancin kuɗin bai kai wahalar ba. Ka riƙe ruwa da burodi da dabino. Kayanka kai za ka ɗaga su ka ɗora a sama, ba kwandasta mai yi maka, shi ya sa muka taho da jaka ɗaya kowa, da wata babba a naɗe ba komai a ciki saboda tsaraba.

Cikin gari ƙananan tasi ake hawa, kowane gari da launinsa: ja a Kasablanka da Fas, shuɗi a Rabat, ruwan ƙasa a Marrakesh. Mutum 3 kacal suke ɗauka, doka ce, ba a roƙo. Iyali mai mutum huɗu mota biyu ke nan, ko babbar tasi. Kafin mota ta motsa ka ce a kunna mita. A bakin tasha wasu za su ƙi su yanka maka farashi, sai ka taka 'yan taku zuwa titi ka tsayar da mai wucewa. Da dare akwai ƙarin kuɗi a kan mita, wannan ƙa'ida ce ba cuta ba.

Layin waya ka saya tun a filin jirgi da fasfonka, akwai Maroc Telecom da Orange da Inwi. Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne, cajarmu mai baki uku ba ta shiga, ka sayi adafta tun daga gida. Ka sauke taswirar kowane gari a waya, amma ka sani a lungunan Fas taswira kan rikice. Matambayi ba ya ɓata, sai dai ka san wanda za ka tambaya: mai shago da ke zaune a shagonsa, ba saurayin da ya biyo ka yana cewa hanyar gaba a rufe take ba. Wannan zai kai ka shagon da zai samu la'ada, sannan ya nemi ladan rakiya. "La, shukran" da murmushi ta isa. In kana son ɗan jagora, masaukinka zai samo maka mai lasisi, wuni ɗaya a farkon zuwa ya wadatar. Larabcin makaranta yana aiki ko da yake nasu na kasuwa daban ne, mai Faransanci kuwa ya huta.

Abin da kwana huɗu ya saya mana

Ranar Alhamis ba mu yi komai ba sai koyon hanya daga masauki zuwa zawiya da dawowa, sau biyu, a hankali, Hajiya na dafa kafaɗar surukarta. Muka leƙa Ƙarawiyyin, wanda Fatima al-Fihri ta kafa a shekarar 859. Bayan magariba muka ji jama'a sun haɗa baki suna karatun hizbi a masallaci, da ruwayar Warshu. Hajiya ta tsaya cak ta ce, "Ai wannan karatunmu ne na allo." Haka ne kuwa. Mazhabarsu Malikiyya ce irin tamu, rubutun Alƙur'aninsu ma ɗan'uwan wanda muka koya a tsangaya ne. Ka lura dai masallatai da yawa ana rufe su tsakanin salloli, saboda haka ziyara ka daidaita ta da lokacin salla.

Ranar Juma'a yawancin shagunan tsohon gari a rufe suke, gidaje kuma kuskus ake ci bayan an sauko. Kada ka sa sayayya a ranar. Mun isa zawiya tun kafin la'asar, maiɗakina ta shiga da Hajiya ɓangaren mata. Shehu ya rasu a Fas a 1815, kabarinsa na cikin zawiyar. Da aka fara zikiri na duba sahun da nake ciki, ga mutanen Senegal, ga na Mali, ga Larabawan gari, ga wani dattijo da na ji yana yi wa ɗansa magana da Hausar Damagaram. Da muka fito bayan magariba idanun Hajiya sun yi ja. Ta kama hannuna, abin da ba ta saba yi ba, ta ce, "Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka masu yi maka." Ba ta ƙara ko kalma ba har muka isa gida.

Asabar na tafi ni kaɗai majemar Shawara, inda ake jima da rini a ramuka kamar karofi, ana ba baƙi ganyen na'ana'a su toshe hanci. Na daɗe a tsaye a kan soro ina kallo, domin fatar jar akuyar Sakkwato da majemanmu suka jeme, ta bi ayari ta ƙetare sahara, ita ce Turawa suka riƙa saya da sunan fatar Maroko.

Marrakesh wuni biyu ta samu. Na farko na ziyara: Alƙali Iyal mai Ashafa, wanda ya rasu a 1149, da Imamu Jazuli mai Dala'ilu, dukansu cikin waliyyai bakwai da garin ke alfahari da su. Da yamma muka zauna kusa da masallacin Kutubiyya mai hasumiyar mita 77, muka ratsa dandalin Jami'ul Fana. A can duk wanda ka ɗauki hotonsa ko na macijinsa zai nemi kuɗi, ka sani kafin ka ɗaga waya. Kasablanka kuwa abu ɗaya muka je gani, masallacin Sarki Hassan na Biyu da aka kammala a 1993, wani sashensa a kan tekun Atlantika, hasumiyarsa kimanin mita 200.

Abinci duk halal ne, amma ba yaji. Tajin da harira da kuskus suna da daɗi, sai dai bayan kwana uku harshen Bahaushe zai nemi barkono. Ƙaramin gwangwanin yajin da maiɗakina ta saka a jaka ya yi mana rana. Kilishi da dambun nama ka bar su a gida, ƙasashe da yawa ba sa barin a shiga da nama. Magungunan dattijo su kasance cikin kwalinsu tare da takardar likita, kuma a jakar hannu.

Tsaraba da dawowa

Duk abin da ka saya a gari na farko, kai za ka yi dakonsa zuwa na ƙarshe. A Fas ƙananan abubuwa muka saya, takalman fata da carbi. Jallabiyoyi da man argan da butocin shayi sai a Marrakesh, a wuni na biyu, da jerin sunayen mutanen gida a hannu da adadin da aka ware wa kowa. Ciniki kamar na Kantin Kwari ne, an faɗa ka taya, in ba a sallama ba ka yi gaba, sau da yawa za a kira ka. Ka duba nauyin da tikitinka ya ba ka, yawanci kilo 23 ne kowace jaka, ka sayi ɗan sikelin rataye ka auna tun a ɗaki. Kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi yana iya fin kuɗin tsarabar.

Saƙon wani kuwa, a zuwa ko a dawowa, kada ka karɓa sai ka buɗe ka gani da idonka, ko na wane ne. Wurin awo ka tsaya har a liƙa wa jakunkunanka lamba, ka ƙirga rasidan da aka ba ka su yi daidai da yawan jakunkunan, kada a rataya wa sunanka kayan da ba naka ba.

Ranar Alhamis ta ƙarshe na roƙi otal suka bar mana ɗaki ɗaya har dare da ɗan ƙarin kuɗi, Hajiya ta yi barcin rana, muka yi isha'i sannan muka hau jirgin ƙasa zuwa filin jirgi da sauran awa 4 a tashi. Da asuba muka sauka Abuja. Jirgin Kano na yamma na saya da gangan, ko da kaya za su yi jinkirin fitowa, kuma na bar naira a aljihun jaka tun daga gida saboda tasi da karin kumallo.